Iya ta tafi gida, kuma Bahaushiya ce tsantsa

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a dan bani fili in fadi wani abu daya tsaya min a rai tunda mukayi jana'izar kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a Wusasa ta Zariya wata biyu da suka wuce.

Bayan mun dawo daga makabarta na dora hotonta a Facebook sanye da ankon Zumuntar Mata ta majami'a, na rubuta 'yan kalmomi da Hausa. Jama'a sunyi ta'aziyya sosai, nagode, amma kusan mutum biyar suka tambaye ni wai asalinmu daga ina ne, wani ma cewa yayi kai amma tsohuwar nan ta iya Hausa. Ta iya Hausa? Matar da inda zaka tsare ta kace tayi maka wani yare ko na sisin kwabo babu, turancinta kaf bai wuce gaisuwa ba, shima sai ta karya shi mu kwashe da dariya.

Iya muke ce mata, 'ya'yanta da jikoki da makwabta duka. Ni kuma da yake nine jikanta namiji na fari mijina take ce min, in naje hannu rabbana tace ta sake ni tunda bana kawo cefane. Bata san shekarar haihuwarta ba, lissafin su kawu dai ta haura casa'in. Yar kauye ce cikin Maguzawa, ciwon kafa ya kawota asibitin mishan tana budurwa, anan taji bishara, anan akayi mata baftisma, anan kuma ta hadu da kakanmu. Karatu sai da ta haihu biyu ta koya a ajin yaki da jahilci, kuma dalili daya ne, tace ta gaji da jiran wani ya karanta mata Littafi Mai Tsarki.

Littafin nan nata, Edita, da ka ganshi. Tsohon juyi ne irin wanda aka fara bugawa a 1932, bangon ya fita tuntuni sai ta nade shi da kyallen atamfa, gefen takardun yayi baki saboda hannun mai suyar kosai. Da sabon juyi ya fito aka saya mata, ta karba tayi godiya ta ajiye a kasan adaka, wai Hausarsa ta yara ce. Tabaronta kafa daya ta karye ta daure da zare, mun saya mata sabo sau biyu tana bayarwa.

Bata da agogo, ladanin masallacin bayan gidanmu shine agogonta. Yana kiran asalatu zata tashi ta durkusa bakin gado ta karanta Zabura, sannan ta fara jero sunayenmu daya bayan daya a addu'a, mu ashirin da uku, in ta tsallake wani sai ta koma farko, mu da muke kwana dakinta muna yara haushi muke ji don ba dama ka koma barci, kana jin sunanka tana fadawa Ubangiji laifin da kayi jiya kowa na saurare. Ranar da ladanin ya kwanta ciwo wani ya kira a madadinsa, da gari ya waye ta dama kunu ta aika masa, tace muryar ba tasa bace.

Kada a dauka waliyyiya nake kwatantawa. Iya akwai fada, bakinta kamar reza, kuma bulalarta na rataye bayan kofa har ta tsufa. Kace wallahi a gabanta ka shiga uku, tace in kace i to i ne, rantsuwar ta mece ce. Surukanta sun sha fama. Amma cinikin kosai in ta tashi kafin ta taba ko kwabo sai ta ware zakka ta jefa a wani gwangwanin madara, ko ranar da kasuwa bata yi ba. Akuyar Kirsimeti kuwa bata taba yarda wani cikinmu ya yanka ba, Malam makwabcinmu ake kira ya yanka don kowa a layin yaci ba shakka, in babbar sallah tazo namansu har soye muke samu. Lokacin rikicin 1987 daya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, dakin matar Malam din nan muka kwana biyu, ina shekara bakwai, abinda nake tunawa kawai tuwon dawa da miyar kuka da yadda aka hana mu tari.

Shi yasa tambayar nan ta dame ni. Wusasa ba jiya aka kafa ta ba, tun 1929 mishan din su Dokta Miller, Baturen nan mai wa'azin bishara, ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma can, majami'ar St. Bartholomew ginin kasa irin na Hausa tana nan tsaye. Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, dan wannan jama'a ne, Janar Gowon ma anan ya tashi. Ga kauyukan Kano da Katsina cike da Hausawa masu zuwa sujada ranar Lahadi, wakokinsu da wa'azinsu duk da Hausa. Amma a jarida sai rikici ya tashi ake tunawa damu, shima a lissafin gawa.

Rokona ku turo wakilinku ya zauna da tsofaffin matan nan yaji tarihi daga bakinsu. Cikin sa'o'in Iya na zumunta uku suka rage, sune suka buga tulu suka yi mata waka a bakin kabari, daya sai da aka rike ta. In zai zo yazo da safe, da rana barci suke, kuma ya taho da goro.

Naku,
Wani jikanta, daga Zariya