A kula da lafiyar masu ɗibar ruwan gwaji a gurɓatattun rijiyoyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin hukumomi da 'yan kwangila a Katsina kan matasan da ake turawa ɗibar ruwan gwaji a rijiyoyin da ke kusa da juji, majema da tsofaffin gidajen mai. Da yawansu da silifas suke zuwa, hannu ba safa.

Haɗarin farko yana bakin rijiya. Mai buɗe murfi ya ba iska baya, ya ja gefe rijiyar ta sha iska, kada ya leƙa. Iskar nan mai guba da kan taru a rijiya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, nauyi gare ta, a ƙasa take kwanciya, kuma idan ta yi yawa hanci kan daina jin ta. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Sai na'urar auna iska: muddin oksijin ya gaza kashi 19.5 cikin 100, ba mai shiga. Janareta a nesa, kuma ban da sigari.

Kafin a cika kwalba akan zuƙe ruwa kamar ninki 3 na wanda ke tsaye a rijiyar. A tara shi a duro mai murfi, kada a kwarara a kwata, ga yara ga awaki. A sa tabarau, domin kwalaben gwajin dalma akwai asid a ciki, a kuma sauya safar roba a kowace rijiya. Ba goro, ba ruwa, sai an wanke hannu da sabulu.

Tufafin aiki kada su je gida. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, a cikin gidajensu ta same su.

Wasu masu binciken ruwa,
Katsina