Sanarwa: Zaman Nazarinmu na Wannan Makon

Ƴan'uwa, barkanmu da warhaka. Zamanmu yana nan ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma. Don Allah a zo da wuri, wancan makon har shayi ya huce muna jiran mutane.

Batunmu shi ne alkawarin Allah da Shari'ar Musa a wurin Yahudawa da Kirista. Kowa ya karanto Farawa sura 17 a Littafi Mai Tsarki, inda Allah ya ƙulla alkawari da Ibrahim, alamarsa kuwa kaciyar ɗa namiji a rana ta 8, abin da Yahudawa ke yi har gobe. Sai Fitowa 20, Dokoki Goma a Dutsen Sina'i. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura 613: guda 248 na "ka yi", 365 na "kada ka yi". Kada mu ɗauka nauyi ne aka jibga musu. Mai kiyaye Shari'a a cikinsu, tukunyar nama daban, ta madara daban, kuma a wurinsa riƙon amana ne.

Inda za mu daɗe shi ne Irmiya 31, maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya. Kirista sun ce ya cika a kan Yesu, Yahudawa ba su yarda da wannan fassarar ba. A duba kuma Ayyukan Manzanni 15, inda taron manzanni a Urushalima ya ɗauke wa masu bin Yesu waɗanda ba Yahudawa ba tilascin kaciya. Ni dai a ganina nan hanya ta fara rabewa.

Masu turo saƙon murya na minti 10, a tausaya wa datarmu.