Kafin ka biya kuɗin laftof ɗin nan

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Madina, ya aiki, ya hidimar baƙin Umra? Mu nan Makka lafiya lau muke, sai godiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na ga hoton laftof ɗin da ka turo, da maganar mai shagon cewa tunda i7 ce ba ta da na biyu. Kada ka biya tukuna. 'Yar takardar nan mai ƙyalli da ake mannawa kusa da madannai, mai ɗauke da sunan firosesa kamar i7, ta cinye wa mutanenmu riyal mai yawa, kuma bayanin ya fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan fallen silikon ne, girmansa bai wuce farcen babban yatsa da yawa ba. Cike yake da transisto, wato ƙananan makunnai da ba su san komai ba sai kunnuwa da mutuwa, 1 da 0 ke nan. Aikinsa kuwa maimaici ne zalla: ya ɗauko umarni, ya gane me ake nufi, ya aikata, ya ajiye sakamako, ya koma ya ɗauko na gaba. Umarnin ma ƙanana ne ƙwarai, tara wannan lamba da waccan, duba wacce ta fi girma, kai wannan can. Sunayen alhazan da kake shigarwa da bidiyon ziyarar Uhudu da Ƙuba da kake haɗa musu, duk da irin waɗannan ake gina su. Firosesa na farko da Intel ta fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, transisto 2,300 gare shi. M1 da Apple ta fitar a 2020 yana da biliyan 16.

A cikinsa akwai agogo da ke bugawa, shi ke jan ragamar komai. In ka ga an rubuta 3 GHz, bugu biliyan 3 ke nan a daƙiƙa guda. Masu shago suna son wannan lambar don tana da sauƙin nunawa da yatsa, amma ba ta faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, alhali nan ne bambancin yake. Pentium 4 ya kai 3.8 GHz tun wajen 2005, ga shi yau ƙaramar laftof da ba ta kai shi bugu ba za ta bar shi a baya nesa. Abin da ya tsayar da tseren bugun a wancan lokacin zafi ne. Duk ƙarin gudu sai ya ci ƙarin wuta, wutar kuma ta koma zafin da ba a iya kwashewa. Sai kamfanonin suka sauya dabara, suka riƙa zuba ma'aikata da yawa a falle ɗaya, su ne kor da kake gani an ce 2 ko 4 ko 8.

Ka ɗauka shagon ɗinki ne ana jibi Sallah. In riguna ɗari ne a jibge, teloli takwas sun fi biyu, ba gardama. In kuwa wuyan riga ɗaya ne ake yi wa aiki, mutum guda ne zai zauna kansa, sauran bakwai su naɗe hannu. Fitar da bidiyo aiki ne mai rabuwa, kor da yawa suna rage maka jira sosai. Cike fom da rubutu a Excel yawanci ba su damu da yawansu ba, kor ɗaya mai kuzari suke so. Kuma komai ƙwarewar tela, in sai ya tashi ya je ɗakin ajiya duk lokacin da yake neman zare, rabin yininsa a tafiya zai ƙare.

Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba sa lura da shi. Firosesa ya fi duk abin da ke kewaye da shi sauri, don haka sau da yawa jira yake yi. Yana da 'yar ma'ajiya a jikinsa, kash, wadda yake isa gare ta cikin kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. In abin da yake nema ba ya nan sai ya je RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki a kai, tafiyar da ta ninka waccan kusan sau ɗari. In RAM ta cika, sai faifan ajiya, kuma in tsohon faifai ne mai juyi 5,400 a minti, to firosesan zai yi bugu miliyoyi a banza kafin amsa ta iso. Yawancin kwamfutocin da aka riƙa kawo mini shago ana cewa sun tsufa, firosesansu lafiyarsa ƙalau. SSD, wato sabon faifan ajiya marar juyi, na sa musu, na ƙara RAM, masu su suka koma gida suna sa albarka.

Yanzu ga i7 ɗinka. Wannan suna sahu kawai yake nunawa a tsakanin 'yan zubi ɗaya, ba ya faɗin shekara. Ka tambayi mai shagon jil, wato zubi, na nawa ne, ko ma ka karanta lambar da ke bayan sunan da idonka. i7-7500U zubi na 7 ne, kor 2 gare shi. i5-8250U da ya biyo bayansa kor 4 ne, kuma a aikin bidiyo ya fi shi, duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Akwai wani dalilin kuma: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel take farawa. Harafin ƙarshe ma yana magana. U mai tsimin batir ne, wajen wat 15 yake ci. H yakan kai wat 45, ya fi ƙarfi, ya fi zafi, injin ya fi nauyi a jaka.

Zafin nan shi na fi so ka riƙe, don mu ba a Turai muke zaune ba. Firosesa yana da ma'aunin zafi a jikinsa. Da ya doshi digiri 100 sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, ba tare da ya sanar da kai ba. Gudun da aka rubuta a kwali na 'yan daƙiƙun farko ne, lokacin da injin ke da sanyi. Abin da zai iya riƙewa bayan rabin awa ya danganta ga fanka da ƙarfen da ke kwashe zafi. Shi ya sa laftof biyu masu firosesa iri ɗaya sak, siririya da mai kauri, ba sa gama aiki tare. Ka san Madina a watan Yuli, iskar waje kanta ta haura digiri 40, da ita kuma fankar za ta yi firfita in ba na'urar sanyaya iska a ɗakin. Ga ƙura da ke toshe ramukan iska a hankali, ga man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfensa, wanda yake bushewa bayan 'yan shekaru. A injin hannu na biyu, ka ƙaddara duka biyun sun faru. Na kuma san halinka na aiki a kan katifa. Ramukan shan iskar galibi a ƙasa suke, katifa da kafet suna rufe su ruf. Ka samu tebur, ko faranti mai tauri. Kada kuma ka bar ta a mota ka shiga Harami, batirin ma ba ya yafe wannan.

In ka koma shagon, ka ce a jona ta da wuta, don a kan batir da yawansu suna rage gudu da gangan. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, allon da zai buɗe zai nuna maka cikakken sunan firosesan, da yawan kor, da RAM, da irin faifan. Sa ta fitar da ɗaya daga cikin bidiyonka, ka bar ta kwata na awa kana kallon lambar gudun, kana sauraron fanka. In lambar ta faɗi warwas ta kasa tashi, ko fankar tana ƙara kamar za ta tsinke, ka yi masa godiya ka fito. In ya hana ka gwadawa, nan ma ka fito.

Da ni ne ke riƙe da kuɗinka, i5 ko takwaransa na kamfanin AMD, Ryzen 5, na 2020 zuwa yau zan nema, da RAM gigabait 16 da SSD. Ka tambaya ko RAM ɗin tana ƙaruwa, don a sirara da yawa liƙe ta ake yi da allon injin, yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Abin da ya ragu ka ajiye, watan Ramadan na tafe da hidimarsa.

Ka turo mini lambar duk wadda ka gani kafin ka miƙa ko sisi, zan duba in amsa maka a ranar. Mahaifiyarka ta ce in za ka zo ka taho mata da ajwa, na kasuwar dabino, ba na shagunan bakin Harami ba. Ka gaishe da mai gidanka da abokan zamanka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka