Game da Maganin Mantuwar Baba

Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni game da mantuwar da ta kama Baba da donepezil ɗin da likita ya rubuta masa. Allah ya ba shi sauƙi. Ka tambayi abin da muke gani idan mun gwada irin wannan magani a kan ɓeraye.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda yake raguwa a masu cutar Alzaima. Donepezil da 'yan uwansa, rivastigmine da galantamine, suna hana a lalata shi da wuri ne, sai ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. Kakansu ma daga ƙasar nan ya fito, domin daga waken Kalaba aka tace physostigmine a 1864.

Mukan saka ɓera a babban baho na ruwa mai gurɓataccen launi, da ɗan dandamali a ɓoye ƙarƙashin ruwan, kuma cikin 'yan kwanaki yakan gane wurin. Idan aka yi masa allurar scopolamine mai jawo mantuwa, sai ya dinga zagaye bakin bahon kamar bai taɓa shiga ba. Idan kuwa an haɗa masa da donepezil daidai kima, yakan nufi dandamalin ya haye yana kakkaɓe jiki. Wannan yakan faranta mini rai ƙwarai.

Amma da zarar an ƙara yawan maganin, da idona na ga ɓeran ya lafe a lungun keji, miyau yana zuba, jiki yana karkarwa, ga zawo, har tunawar ta koma baya. Fiya-fiyar da ake kashe sauro da ita, ita ma lalata asetilkolin take hanawa, sai dai tata illar ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Haka kuma mantuwar allura takan wuce da kanta, alhali ta Baba mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce, wadda maganin ba ya tsayar da ita, alamominta kawai yake sassautawa.

Saboda haka ina roƙonka kada kowa ya ƙara masa ƙwaya don ganin bai samu sauƙi da wuri ba. Idan ya fara amai, ko ƙin abinci, ko jiri, ko bugun zuciyarsa ya yi ƙasa, a koma wurin likita ranar.

Ka gaishe mini da Baba da Hajiya, ka kuma sanar da ni yadda ya kwana.

Naka amini.