Wanda ba ya iya tashi, wa zai kai shi rajistar?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun daren Talata. Na saurari shirin nan naku na lafiya daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci, ba da baƙon da kuka gayyato kaɗai ba, har da ma'aikacinku da ya zauna yana ta amsa masa da to, to, madalla. Bawan Allah ya yi ta nanata cewa duk mai rauni ya tafi asibitin mazaɓarsa da lambar NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, a yi masa rajista, daga nan magani kyauta ne. Har aka rufe shirin babu wanda ya tare shi ya ce, ranka ya daɗe, wanda ba ya iya tafiyar fa?

Mahaifiyata tana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓangaren dama gaba ɗaya, hannu da ƙafa, maganarta ma sai wanda ya saba da ita yake ganewa. In ana neman mai rauni to ita ce: tsohuwa, mijinta ya rasu, ba ta da fansho, sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tsaya cak ranar da ta faɗi. Ba ta da NIN. Tsofaffin mata nawa ne a lungunanmu suke da ita? Inna ba ta taɓa buɗe asusun banki ba, layin wayar da ke hannunta ma da sunan ƙanena aka yi shi.

Na je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu, aka ce sai da lambar, kuma sai an ga mai ita ido da ido. Na je inda ake yin lambar, aka ce sai an kawo ta an ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Na ce matar nan ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Aka ce haka tsarin yake.

To Malam Edita, ka san yadda ake kawo irin Inna? Lungunmu adaidaita sahu ba ya shiga. Sai da na roƙi samarin unguwa suka ɗauko ta a tabarma, kamar gawa, suka bi da ita ta gaban majalisar maza har bakin titi. Matar da ta yi rayuwarta cikin sutura da mutunci, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi. Ta rufe ido hawaye yana zuba, ba ta da bakin cewa a mayar da ita. Muka ɗauki shatar adaidaita, kuma kowa ya san yadda kuɗin shata ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Muka isa, sai matattakala, aka sake cicciɓar ta. Ga layi har waje, babu wanda ya ce a ba tsohuwa hanya. Da aka zo kanmu, yatsun hannun daman sun ƙanƙame, na'ura ta ƙi karantawa, yaron da ke aikin yana ta ƙoƙarin miƙe su tana nishi. Kafin a gama sai aka ce sabis ya ɗauke, mu dawo. Muka dawo ɗin, da irin wannan ɗaukar, da irin wannan hawayen.

Bayan duk wannan, da na koma asibitin mazaɓa da takardar lambar a hannuna, sai aka gaya mini gurbin da aka ba mazaɓarmu ya cika, in jira sai an buɗe wani zagayen. Baƙonku bai ce akwai gurbi ba. Bai ce ana ƙayyade adadi ba. Ya yi magana tamkar ƙofa a buɗe take ga kowa, ma'aikacinku kuma ya bar shi ya wuce da ita a haka. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin washegari maƙwabta suka yi ta shigowa suna ce mini, Malama, ai an ce a rediyo kyauta ne, me kike jira? Har wata 'yar'uwarmu ta kira ni daga ƙauye tana yi mini faɗa wai sakacina ne ya sa Inna ba ta samu ba. Kun ga abin da maganar da ba a tantance ba take jawo wa mai jinya.

Ni malamar firamare ce, ina karanta jarida, kuma dokokin da baƙon naku ya yi ta lissafowa ba baƙi ba ne a wurina. Na san dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Na san a watan Mayun 2022 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ce za a kafa asusun masu rauni da zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. Na san dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai hau, ta kuma ce a fara sauraron su idan ana layi. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Dokoki ne masu kyau, ban raina ko ɗaya ba. Amma duk an gina su a kan mutumin da zai tashi da ƙafarsa ya kai kansa, alhali wanda ya fi kowa buƙata yana kwance a ƙuryar ɗaki, ba a ganin sa a layi, ba ya cikin lissafin kowa.

Kada kuma a ce mana ba zai yiwu a bi gida-gida ba. Gwamnati ta san hanyar ƙofar gidanmu sarai. Shekara da shekaru masu rigakafin shan-inna suna shigowa har tsakar gida, su ɗiga wa yara, su shafa musu tawada a ɗan yatsa, su rubuta da alli a jikin bango. Wanda ya ƙi, a haɗa shi da mai unguwa, in ta kama har da dagaci. Da wannan naci aka kai ga ayyana Najeriya da Afirka baki ɗaya sun rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Duk damina ana bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A da can duba-gari har randar ruwa yake buɗewa. 'Yan siyasa ma in zaɓe ya matso sun san lungun da adaidaita ba ya shiga. Waɗannan 'yan matan masu rigakafi sun sha wucewa ta ƙofar ɗakin Inna, su gaishe ta, su ce Allah ya ba da lafiya, su fita. Ba laifinsu ba ne, babu gurbin tsohuwa a takardar da aka ba su. Me zai hana a ƙara musu layi ɗaya: akwai wanda yake kwance a gidan nan? Jihar Kano mazaɓa 484 ce a ƙananan hukumomi 44, kowace mazaɓa da masu unguwanninta, kuma babu mai unguwar da bai san gidan da ake jinya a cikinsa ba. A 2018 an ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa domin a samu ma'aikatan lafiya 'yan unguwa masu ziyartar gidaje. Me ya sa ma'aikacinku bai tambayi inda aka kwana a kai ba?

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne. A zo da na'urar rajistar gida, tunda masu rajistar layin waya ma a hannu suke yawo da tasu. Malamin lafiya ya leƙo ko sau ɗaya a wata ya auna jinin marar lafiya, ya duba ko ana shan magani a kan ƙa'ida, ya canza robar fitsari ga mai ita. Sannan a koya wa mai jinya aikin jinya. Aka sallame mu daga asibiti da takardar magani kawai. Babu wanda ya ce mana a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, sai da gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu, ya ci rami, muna wanke shi da ruwan gishiri muna kuka tare. Babu wanda ya ce mana a riƙa motsa mata hannu da ƙafa kullum kada gaɓoɓin su sandare, shi ya sa yatsun nan suka ƙanƙame. Babu wanda ya nuna mana yadda za a zaunar da ita a ba ta kunu kada ta shaƙe. An ce mu riƙa kai ta babban asibiti a yi mata gashin ƙashi, to da wane kuɗin shata, da wane ƙarfin ɗauka?

Dole in faɗi alherin wata baiwar Allah, ma'aikaciyar lafiya da ke zaune a bayan layinmu. Ita ce bayan ta tashi daga aiki take biyowa da abin awon jininta, ta wanke gyambon, ta koya mini yadda ake saka matashi tsakanin gwiwoyi da yadda ake ɗaga mutum ba tare da ka karya bayanka ba. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Allah ya saka mata da Aljanna. Amma wannan kirkinta ne, ba aikin da aka sa ta ba, kuma gidaje nawa mace ɗaya za ta bi bayan ta yini a tsaye?

Baƙonku ko sau ɗaya bai ambaci masu jinya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ina barin gida da safe in tafi makaranta, sai 'yata babba ta zauna da kakarta. Yarinya mai ƙoƙari, tana aji biyu na babbar sakandare, yanzu zuwanta makaranta ya zama yau da gobe, kuma ni da nake koyar da 'ya'yan wasu ina kallo. Famfas ɗin manya kaɗai yana cin wani babban yanki na albashina, ban da magani, ban da sabulu da ruwan wanki, don ruwan ma saye muke yi a wajen 'yan garuwa. A layinmu akwai matar da take goyon ɗanta mai larurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ya girma har ƙafafunsa suna jan ƙasa, mijin ya gudu ya bar ta. Akwai gidan da suka kulle saurayinsu mai taɓin hankali a ɗaki, ba don mugunta ba, don ba su san wa za su kira ba in ya tayar, duk da cewa tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958. Na je ofishin walwalar jama'a in ji ko suna da wani taimako ga irinmu, ko keken guragu ne. Na tarar da mutane biyu da tebur da tsohon rajista, suka ce su rikicin aure da yaran tsintuwa suke gani, nasu kuɗin aikin ma ba ya zuwa. Zakka kuwa sai azumi, a tara mutane a fili a raba buhu a ɗauki hoto, nan ma wanda ya iya zuwa shi yake samu.

Tunda na samu fili, bari in ƙara da wani abu da ya daɗe yana damuna da tasharku. Masu tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa bayan sallar magariba, don Allah ku duba lamarinsu. Lokacin ne iyali suke zaune ana cin tuwo, sai mutum ya ɓarke da maganganun batsa a kan maganin maza da na sanyi, da sunayen da ko a ɗakin aure ana jin nauyin faɗa. Sai ka ga uwa ta yi wuf ta kashe rediyo a gaban surukinta. Ga shi kwalba ɗaya wai tana maganin basir da suga da hawan jini da shanyewar jiki. Na san mutanen da suka ajiye ƙwayar hawan jininsu saboda irin wannan tallar. Kuɗin talla kuɗi ne, mun sani, amma ku mayar da su can tsakar dare, kuma ku nemi shaidar NAFDAC kafin ku ba kowa makirfo. Layin wayar naku ma ku gyara shi. Daren Talatar nan na yi ta kira har katina ya kusa ƙarewa, amma muryoyin da aka saba ji kullum su aka ɗauka, suka ɓata lokacin da gaishe-gaishe.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ku sake gayyato mutumin nan, amma wannan karon ku zaunar da mai jinya guda a gefensa, mace, wadda ta san nauyin ɗaga babba daga shimfiɗa. Ku tambaye shi mutum nawa ake yi wa rajista a kowace mazaɓa da kuma wanda yake zaɓen su. Ku tambaye shi yadda tsohon da ba shi da NIN kuma ba ya iya fita zai yi. Ya ba da lambar wayar da za a kira a zo gida, ku kira ta nan take muna ji. In kuma babu irin wannan tsarin, ya faɗa da bakinsa cewa babu, domin dangi su daina ganin laifin masu jinya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Na gode.

Taku mai saurare,
wata malamar firamare mai jinyar mahaifiyarta, daga Kano.