A Daina Dora Wa Jinka Laifin Da Ba Nata Ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki?

Dan Allah ku ban dan fili in yi magana kan jinka, don abin na damuna wallahi, yanzu da ka ce dakin ciyawa sai a ce ai yoyo yake, sai kwano. Alhali yawancin yoyon nan daga kayan aiki ne da kuma gaggawa.

A fara da ciyawar ma. Shuci sai ya kosa ya bushe ake sa mai lauje, in ka yanko shi da danyensa ruba zai yi a damina ta farko. Sai a kakkabe shi a fidda gajeru da karyayyu, a zauna a yi yanta da igiyar rama ko ta kaba, ana daurewa dan damtse dan damtse har ya yi tsawo a nade shi kamar tabarma, to wannan zaman ne yaran yanzu basa jurewa. Sannan tsaiko, wato sandunan da ake dora ciyawar a kai, gora ko gwangwala ko kara mai kwari, a zagaye da kirinya, wato kawanyar da ke rike su, a daure tamau. In tsaikon ya kwanta to an gama asara, gangaren ya kai digiri 45 ko fiye, ruwa ya zube kafin ya samu damar shiga. Baibaya kuma, wato rufa ciyawar a kan tsaikon, daga kasa ake farota ana hawa, kowane layi ya rufe daurin na kasansa, ana dinkewa da basilla, mutum daya a sama daya a ciki yana maido igiya.

Ban musa ba gobara da gara matsala ne babba, kuma ciyawar tana neman sabuntawa. Amma sanyin dakin jinka lokacin zafi fa? kwano bai isa ba.

A Ingila har gobe ana biyan masu wannan sana'a, da iwa ko karan alkama suke rufi. A Japan kauyen Shirakawa-go mai gidajen ciyawa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1995.

Rokona Edita, ku tura wakili wajen dattawan da suka iya yanta da baibaya, a dauki hoton kayan aikinsu da sunan kowanne a buga, tunda masu koyo sun yi karanci sosai.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum