Rahoton Ayyukan Shekara: Kwamitin Tiyatar Dabbobi, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

Aikin kwamiti a bana ya tattaru ne kan ɗinkin da ke kama mugunya bayan tiyata, da yadda muke sakin allurar antibayotik ba bisa ƙa'ida ba. Mun tattauna wannan a zamanmu na wata-wata, mun kuma maimaita shi ga makiyaya da masu kiwon gida na Samaru, Shika da Tudun Wada a makon wayar da kai kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wanda ake yi daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba.

Tiyatar da mambobi suka fi kawo bayaninta ita ce buɗe tumbi don ciro leda a awaki da tumaki, sai fito da ɗa ta ciki, sai fiɗiya. Inda ɗinki ya lalace, sau da yawa matsalar ta faro tun kafin a ɗauki wuƙa. Aske gashi da reza tun daren jiya yana barin ƙananan raunuka a fata inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, don haka a yi askin da inji, dab da fara aiki. Kayan aiki kuma su sha tururi a digiri 121 na aƙalla minti 15, ƙunshin da aka naɗe ya kai minti 30. Jiƙa almakashi a ruwan Dettol ba ya maye gurbin wannan. A tiyatar tumbi, a ɗinke bangon tumbin da fata kafin a tsaga shi, a kuma canja safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki, domin abin da ke cikin tumbi idan ya zuba cikin ciki kumburin da ke biyo baya yakan kashe dabba.

Batun magani ne ya fi jawo muhawara. Matsayarmu ita ce lokacin bayar da magani ya fi yawansa muhimmanci. Ga kare da mage, allurar antibayotik ta sefazolin miligiram 22 a kowane kilo ta jijiya, minti 30 zuwa 60 kafin yanka, a ƙara duk bayan minti 90 idan aikin ya ja, a tsaya cikin awa 24. Tiyata mai tsabta da ba ta kai minti 90 ba, kamar fiɗiyar lafiyayyen kare, galibi ba ta buƙatar komai. Kwana biyar na fenisilin da sitireftomaisin wai don kada mai dabba ya ce ba a yi masa aiki ba, wannan ɗabi'a ce da muke son mu daina. Inda mugunya ta taru, a warware ɗinki biyu ko uku ta fita, a wanke da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na kuloheksidin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, a kai samfurinta ɗakin gwaji, kamar na Asibitin Koyarwa na Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kafin a zaɓi magani.

Da damina ƙuda na sa tsutsa a ɗinki, sai a tanadi feshin korarsa. Doki kuwa ba a taɓa shi da wuƙa sai da rigakafin tetanos. A riƙa rubuta wa mai dabba ranar da ya halatta ya yanka ko ya sayar da madara, kamar yadda takardar maganin ta nuna.

A shekara mai zuwa kowane mamba zai buɗe littafin tiyata: irin aikin, tsawonsa, maganin da aka bayar, da halin ɗinkin ranar cire zare, wato kwana 10 zuwa 14, sannan a sake dubawa a kwana na 30. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin zama na gaba.

Sakataren kwamiti